Hambali Mai Rijiya da Ruwan Kanal

Kafin ruwan kanal ya iso Dorawar Jaji, wani ƙauye tsakanin Bunkure da Kura, babu gidan da Hambali bai taɓa shiga da igiya a kafaɗa ba. Shi ke haƙa rijiya, shi ke yashe ta in ta ƙafe, shi ake kira in guga ya faɗa ko akuya ta zurma. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar ƙirgi, kuma ba ya son dogon zance. In ka tambaye shi rijiyoyi nawa ya haƙa, sai ya ce bai ƙirga ba. Amma in ka ambaci gida, zai gaya maka gaba nawa aka yi kafin a tarar da ruwa, da irin ƙasar da aka ratsa, ja ce ko marmara ko yumɓu.

A hannun kawunsa Sammani ya koyi sana'ar. Kawu Sammani ba mai yawan koyarwa da baki ba ne, amma akwai magana ɗaya da yake nanatawa duk ranar da za a shiga rami. Yakan ce ruwan kirki daga ƙasa yake tsattsafowa, a hankali, ya taru ya kwanta. In kuwa ka ji ruwa yana wucewa ta ƙwaurinka, daga wannan gefe zuwa wancan, to bango ne ya buɗe, yashi na biye da shi. Kada ka tsaya ɗaukar dagi, kada ka tsaya kallo. Ja igiya.

Hambali yana da shekara ashirin da bakwai ranar da ya ji wannan ruwan. A wani ƙauye ne kusa da kogi, inda ƙasa ke da rairayi. Yana gaba tara a ƙasa sai ya ji sanyi yana shafar ƙafarsa yana wucewa. Ya ja igiya, amma kafin na sama su ɗaga shi bangon ya zabtaro, yashi ya kama shi har ƙirji. Tun hantsi ake tono da ƙwarya da hannu, ba a fito da shi ba sai bayan azahar. Duk tsawon lokacin nan ruwan bai daina bin ƙafafunsa a ƙarƙashin yashin ba, yana wucewa, yana wucewa.

Ya yi jinyar wata guda ya koma aikinsa, mutane suka ce lallai Hambali namiji ne. Gaskiya ne kuwa, bai taɓa jin tsoron rami ba bayan haka. Zai tsaya cikin ruwan rijiya har wuya yana kwasar laka yana waƙa. Ruwan da ya zuba wa kansa da buta ma bai dame shi ba. Abin da ya rage masa ɗaya ne: ruwa mai tafiya da kansa, in ya taɓa masa fata, sai ya ji kamar ya koma cikin yashin nan, ya ja da baya. Bai gaya wa kowa ba. A ƙasar da rafi ba ya gudu sai da damina, ɓoye wannan ba shi da wuya. Mutum ya iya zagayawa ta gada, sai a ce yana da haƙuri.

Sai aka kawo kanal. Manyan motoci suka baje gonaki, aka auna, aka mayar wa kowa da nasa a yanke kamar tabarma. Ruwa ya zo daga madatsar Tiga yana gudu rani da damina, ta bayan gari, ta gaban gari, ta bakin kowace gona. Ba a shekara biyar ba ruwan ƙasa ya taso, har ya zama mai fartanya ma in ya yi gaba biyu sai ya tarar da ruwa. Kiran Hambali ya ragu, ya koma sai yashe tsofaffin rijiyoyi jefi-jefi. Abin da ya rage masa na ci da iyali shi ne gonar gado, wadda suke nomawa tare da ƙaninsa Isiyaku.

Ban ruwa a wannan tsari da bututu ake yi, na roba, mai lanƙwasa, tsawonsa bai cika gaba ɗaya ba. Manomi zai shiga ƙaramin kanal da ke bakin gonarsa, ko ya durƙusa ya zura hannu har gwiwar hannu, ya nutsar da bututun ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafinsa, ya fizgo ya ɗora a kan gaɓa. Daga nan ruwa zai riƙa tsallakowa da kansa yana shiga fangali. Aiki ne da ba ya cin minti ɗaya ga wanda ya saba. Hambali da Isiyaku sai suka raba aiki ba tare da sun zauna sun raba ba. Isiyaku ke ban ruwa. Hambali ke huɗa, da tayar da fangali, da shuka, da cire ciyawa in ƙasa ta tsane, da girbi. Shekara tara suna haka, gonarsu ba ta taɓa zama baya ba.

A shekarar 1986 Isiyaku ya bi motar tumatir zuwa Ikko, ya samu wurin zama a kasuwa, ya aiko aka kai masa iyalinsa. Ranin farko Hambali ya nemi wani ɗan ƙodago ya yi masa ban ruwa. Mutumin ya sa bututu ya tafi tasa gonar, ruwa ya cika ya fasa ya kwanta a albasar maƙwabci. Aka sha rigima. Ranar ruwa kuwa ɗaya ce, Asabar, ga duk gonakin layin, kowa ta kansa yake yi. Mako na gaba Hambali ya je da sassafe kafin kowa, ya durƙusa a bakin kanal, ya yi bisimilla ya zura hannu. Bai kai wuyan hannu ba ya tsinci kansa a zaune a kan gaɓa yana amai. Ya koma gida ya ce bayansa ne ya riƙe. Gonar ta kwana a bushe har damina.

Maƙwabcin nan mai albasa shi ne Uba, ɗan gwaggonsa, abokin wasansa tun suna yara. Uba bai taɓa barin abin tsokana ya wuce shi ba.

"Sarkin Rijiya," yakan ce masa a bakin masallaci, "wannan bayan naka ya fi mai buɗe ƙofar ruwa sanin kwanan wata. Laraba lafiya, Alhamis lafiya, Asabar ta yi sai ya riƙe."

"Kai dai ka ji da haƙoranka guda uku," in ji Hambali.

"Guda uku ne amma suna aiki kullum. Ba su da ranar hutu."

Sai a yi dariya, Hambali ma ya yi, ya saɓa buta ya wuce.

Rani na biyu ya zo da magana mai nauyi. Shekarar ce aka hana shigo da alkama daga waje, aka ce kowace gona mai ruwa sai an shuka ta. Daga ofishin ruwa aka sanar cewa duk gonar da ta yi rani biyu a bushe za a damƙa ta ga wanda zai noma. An ce aro ne na ɗan lokaci. Amma Hambali ya san mutane. Wanda ya zuba taki a ƙasa shekara biyu, fitar da shi sai an je gaban dagaci, kuma ba kullum ake dawowa da murna ba.

Ran wata Laraba bayan la'asar babur ya tsaya a ƙofar gidansa. Malam Muhammadu Sani ne, malamin gona mai kula da layinsu. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, ya yi karatu a Zariya har da ƙasar waje, amma ba ya ɗaga murya, kuma yana cire takalmi kafin ya hau tabarmar kowa. Suka gaisa a soro, aka kawo ruwa, ya sha. Sannan ya buɗe jaka ya fito da takarda.

"Baba Hambali, ban so in kai wannan ofis ba tare da ka ji abin da ke ciki ba. Sunaye huɗu ne. Biyu sun bar gari, ɗaya ya rasu magada suna jayayya. Na huɗu kai ne."

"To. Me ka rubuta a kaina?"

"Ana so a faɗi dalili a gaban kowane suna, da Turanci. Na yi ta neman kalmar da ba za ta zama zagi ba, don ban yarda kai malalaci ne ba. Sai na sa aversion. Kamar a ce ƙyama, ƙin abu har cikin rai, ba da gangan ba."

"Shi ke nan? Ƙyama?"

"A'a, ita ba ta tsayawa ita kaɗai. Turawa sai sun ɗaura ta a jikin wani abu, a san abin da ake ƙyama. Sukan kuma faɗi girmanta, su ce mai ƙarfi, ko mai zurfi, ko wadda aka haifi mutum da ita. Ni mai zurfi na sa."

"Zurfi kam na san shi," in ji Hambali. "A jikin me ka ɗaura ta?"

"A jikin noman rani."

Hambali ya kalli hannuwansa. Ya tuna shekara tara yana tayar da fangali har Uba na zuwa ya saci kallon yadda yake daidaita su. Ya so ya faɗi gaskiya, amma bai samu kalmar da zai fara da ita ba. Shekara ashirin da biyar yana riƙe da maganar, ta riga ta daskare.

Sai aka yi gyaran murya daga bayan ƙyauren cikin gida. Saude ce, matarsa, uwar 'ya'yansa mata uku da duk suka yi aure.

"Malamin gona, sannu da zuwa. A gafarce ni da shiga maganar maza." Sannan ta ce wa mijinta, "Malam, in ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa."

"Ke Saude, me kika sani?"

"Na san in ruwan sama ya cika tsakar gida yana bin rariya, ba ka fita ko da akuya na kuka, sai ya tsaya. Na san garinmu tafiyar hantsi ce in an ratsa rafi, amma da damina sai mu wuni muna zagayawa ta gada, kana ce mini kana son ganin kasuwar Kura. Wace kasuwa ce ke ci ran da ba ranarta ba? Malamin gona, mutumin nan ba noma yake ƙi ba. Ruwa mai tafiya ne ba ya iya taɓawa, tun ranar da rijiya ta rufta da shi."

Hambali ya juya wajen ƙyauren. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ina goyon Kubra."

Kubra kuwa ita ce babbar 'yarsu, a lokacin 'ya'yanta biyu. Hambali ya ji kunya ta rufe shi, amma a ƙarƙashin kunyar ya ji wani sauƙi, irin wanda yakan ji in an jawo shi daga rami iska ta bugi fuskarsa. Ya buɗe baki ya ba malamin gona labarin duka, da maganar Kawu Sammani, da yashin, da aman da ya yi a bakin kanal bara.

Muhammadu Sani ya saurara bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "Na ɗaura maka abin da ba naka ba, Baba, ka yafe ni. Amma ba zan ɓoye maka ba, ko na gyara dalilin, gonar tana nan a bushe, su kuma gona suke dubawa. Litinin zan kai takarda. Asabar ce ranar ruwanku. In na zo na ga an shuka, na ga ruwa a fangali, zan soke sunanka. Zan iya sa maka bututu ranar da hannuna, amma alkama kusan kowane mako take son ruwa har wata uku da ɗoriya, kuma layi shida nake zagayawa. Sai dai a samu hanyar da za ta ɗore."

Alhamis Hambali ya wuni a gona yana tayar da fangali, kanal na gudu a gefensa bai ko kalle shi ba. Juma'a da safe ya watsa irin alkama ya rufe. Saude ta ce masa wannan ganganci ne, zuba iri a ƙasar da ba a san yadda za ta sha ruwa ba. Ya ce ya sani.

Bayan an sauko daga masallaci yana zaune a tsakar gida da bututu huɗu a gabansa, yana juya ɗaya a hannu. Saude ta gama zuba man gyaɗa a miya, ta ɗauki totuwar masara ta toshe bakin kwalbar ta ajiye. Ya bi kwalbar da kallo. Ya kalli bakin bututun. Shekara talatin da wani abu yana aiki a wurin da komai da igiya ake saukar da shi, da igiya ake ɗauko shi, na sama bai taɓa sa hannu a ruwan ƙasa ba. Ya yi mamakin yadda ya yi shekara biyu yana tunanin kanal kamar manomi, bai taɓa tunaninsa kamar mai rijiya ba.

"Saude, totuwa nawa gare ki?"

"Ta hura wuta? Kwando guda. Me za ka yi da ita?"

"Kawo. Da zaren da kike ɗaure daddawa."

Asabar da hantsi aka buɗe ruwa. Uba na cikin kanal har gwiwa yana jera bututunsa sai ya hango Hambali tafe da guga, da igiya, da buta, da kwandon totuwa a ka.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani. Sarkin Rijiya zai yashe kanal!"

Hambali ya sauke kayansa. Ya tsaya a kan gaɓa ya jefa guga kamar yadda ya saba, ya jawo ruwa, ya cika buta. Ya toshe bakin bututu ɗaya da totuwa mai zare a gindi, ya ɗaga bakunan biyu sama, ya tsiyaya ruwa daga buta har ya cika. Ya rufe ɗaya bakin da tafinsa, ya juya bututun, ya saki bakin mai totuwa cikin kanal, ya sauke na hannunsa cikin fangali. Sannan ya ja zare. Bututun ya yi tari sau biyu, ya tofar da ruwa kaɗan, ya yi shiru.

Uba ya yi dariya har ya kusa zama cikin ruwa. "Ya sha iska! Bututun ma bayansa ya riƙe!"

Daidai nan babur ɗin Muhammadu Sani ya tsaya a kan hanya. Ya sauko ya tsaya daga nesa, jaka a hammata, yana kallo. Hambali ya jawo bututun. Ya ɗauko totuwar ya duba, ya ga ta yi wa bakin ƙanƙanta, ruwa ya zube tun kafin ta nutse. Ya yagi gefen tsohon rawanin da ya ɗaura a ƙugu, ya naɗe ta, ya cusa da ƙarfi. Ya sake cikawa. Wannan karon ya jira har ya ga bakin ya nutse sosai, ya sauke hannunsa ƙasa ƙwarai, ya yi bisimilla ya fizgi zaren.

Totuwar ta fito tana lilo. Ya ji ruwa ya turo tafinsa, ya janye hannu da sauri. Ruwa ya ɓulɓulo, ya miƙe, ya kama hanyar fangali, bai tsaya ba.

Ya sa na biyu, ya sa na uku. Na huɗu sai da ya maimaita. Ƙafarsa a bushe, hannunsa bai shiga kanal ba.

Uba ya fito daga ruwa ya zo ya tsaya kusa da shi. Ya daina dariya. "Wai Hambali, duk wannan wahalar ta mece ce? Ga ruwa a gabanka."

"Ba na iya taɓa shi in yana tafiya. Tun rijiyar bakin kogi."

Uba ya daɗe yana kallonsa. Yana cikin waɗanda suka yi tono da ƙwarya a ranar, har farcensa biyu suka cire. "Ashe ba mu gama fito da kai ba," ya ce a hankali. Sai ya share hanci da bayan hannu ya ɗaga murya. "Kuma don baƙin hali ka bar ni shekara biyu ina zagin bayanka, bawan Allah bai yi laifin komai ba!"

Muhammadu Sani ya matso, ya durƙusa ya duba totuwar da zaren, ya tambayi yadda aka yi, aka sake yi a gabansa. Sannan ya fito da takardar ya ɗora a gwiwa.

"Baba, in gyara dalilin in ɗaura ta inda ya dace, ko yaya?"

"Kada ka ɗaura ta a ko'ina, Malam. Ni na san inda take."

Malamin gona ya yi murmushi, ya ja layi ɗaya a kan sunan da duk abin da ke gabansa, ya nuna masa. Hambali bai iya karatun boko ba, amma ya gane layi.

A ranin nan alkamarsa ta yi kyau daidai gwargwado, ba ta fi ta kowa ba, ba ta kuma gaza ba. Da sanyi ya tsananta har ruwan kanal na yanka ƙafa da safe, an ga Uba yana ban ruwa daga kan gaɓa da buta da totuwa, ya ce wai gwadawa yake ya ga iyakar wautar. Hambali bai warke ba, kuma bai nemi warkewa ba. Har ya tsufa yana zagayawa ta gada, sai dai ya daina cewa kasuwa zai gani.

Amma a waccan Asabar ɗin, bayan malamin gona ya tafi, Uba ya koma gonarsa, Hambali ya zauna a kan gaɓa yana jira. Da fangalin farko ya cika sai ya ɗaga bututun. Ruwan ya ɗan yi kai-kawo, ya lafa, ya kwanta a kan irin da ya shuka, har yana ganin hularsa a ciki. Ya naɗe hannun riga ya sa tafinsa a gefen fangalin, ya bar shi a ciki. Ruwan yana da sanyi, kuma ba ya zuwa ko'ina.